Wasannin bidiyo: katangar kamfanoni na rushewa, amma masu tsohuwar PlayStation na cikin tsaka mai wuya

Duk wanda ya bi ta unguwannin Maradi ko Damagaram da yamma ya san shagunan nan da samari ke cika, talabijin biyu ko uku, ana buga ƙwallo a PlayStation, ana biyan kuɗi wasa-wasa. Sana'a ce da ke ciyar da gidaje, kuma abin da manyan kamfanoni ke yankewa a Amurka da Japan yana taɓa ta kai tsaye.

Da can kowane kamfani yakan riƙe wasu wasanninsa, sai a na'urarsa kaɗai za ka same su. Yanzu abin ya sauya. A Oktoban 2023 Microsoft, mai Xbox, ya kammala sayen Activision Blizzard a kan kusan dalar Amurka biliyan 69 (dalar Amurka fa, ba dalarmu ta nan ba). Hukumomin Amurka da Ingila sun ji tsoron zai janye Call of Duty daga PlayStation, har ya sa hannu da Sony kan yarjejeniyar shekara 10 cewa wasan zai ci gaba da fitowa a can. A 2025 ma shi da kansa ya kai Forza Horizon 5, wasan tseren motocinsa, zuwa PS5. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: haɗa babban wasa yanzu na cin shekaru da ɗaruruwan miliyoyin daloli, masu na'ura ɗaya ba su isa su mayar da kuɗin ba.

To ina matsalar take? Wasa na fitowa a na'urori da yawa, amma sababbi. Mu ɗauki GTA. Na biyar ya fito a 2013 a PS3 da Xbox 360, ya bi PS4, ya bi kwamfuta, ya kai PS5, an sayar da sama da kwafi miliyan 200. GTA VI kuwa, wanda aka ɗage fitowarsa sau biyu har zuwa Nuwamban 2026, PS5 da Xbox Series kaɗai aka sanar. Mai PS4 sai dai kallo. Mu tuna kuma wasa ne na ƴan shekara 18 zuwa sama, ko da yake a shagunanmu ba kowa ke tambayar shekarun yaro ba.

Ƙwallo ce ta fi damun mu a nan. EA, wanda ya rabu da sunan FIFA bayan FIFA 23, har yanzu bai yar da PS4 ba, FC 26 ya fito a kanta a Satumban 2025. Amma mun ga yadda aka yi wa PS3: daga FIFA 19 aka daina. Shi ya sa za ka tarar da tsohon PES ana ta yi masa kwaskwarima don sunayen ƴan wasa su dace da kakar bana.

Ran da EA ya juya wa PS4 baya, mai shago zai nemi PS5, wadda ta fito a 2020 a kan dalar Amurka 499, wajen jika 300 ke nan kafin kuɗin kwastan da ribar ɗan kasuwa. Ga saukar da wasa da sabunta shi na cin intanet mai yawa, ga wuta da ba ta zama. A ganinmu ƴan shaguna kaɗan ne a Yamai da Maradi za su iya, su ma sai sun ƙara kuɗin wasa.