In Takarda Ta Ƙone, Haƙƙin Ma Ya Ƙone Ke Nan?

Wata dattijuwa ta bugo mini waya a shirina na dare. Ba waƙa ta nema ba, ba kuma gaisuwa za ta aika ba. Cewa ta yi, "Ɗana, in takarda ta ƙone, haƙƙin ma ya ƙone ke nan?" Mijinta malamin firamare ne, ya haura shekara talatin da alli a hannu kafin Allah Ya karɓi abinsa. A rikicin watan Yulin 2022, wanda ya raba dubban Hausawa da gidajensu a Rusairis da kewaye, ɗakinta ya ƙone har da akwatin takardu. Tun daga nan take safa da marwa a wani ofishi: yau takardar aure, gobe ta rasuwa, jibi ta kotu mai tantance magada. Na ce, "Inna, ki ƙara haƙuri." Ina kashe makirufo kunya ta rufe ni, don haƙurin nan shi ake ta ba ta a madadin tuwo.

Fansho, wanda a nan muke kira ma'ash, gumin ma'aikaci ne da aka ajiye masa. Duk wata ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 17. An karɓa ne bisa alkawarin za a riƙe shi in ya tsufa ko ya nakasa, a riƙe iyalinsa in ya riga su. Ranar cirewa ba wanda ya ce Malam ya kawo takardar aure. Don me sai ranar biya ake tuna ta?

Za a ce ana tsoron 'yan damfara. Na yarda, amma wa ke riƙe da fayil? A 2016 aka yi dokar da ta haɗe asusun fansho da na inshorar ma'aikata wuri guda. Hukumar da ta iya lissafin abin da ta karɓa wata-wata ba ta da hujjar cewa ba ta san mai shi ba. Limamin da ya ɗaura auren yana nan, mai unguwa yana nan, ɗaliban marigayin sun zama magidanta. Kotu tana karɓar shaidu a maganar gado, to me ya fi ƙarfin shaidu a maganar ma'ash?

Za a kuma ce ƙasa na cikin yaƙi tun 15 ga Afrilun 2023, a shekarar ce kuma ma'aikatu suka bar Khartum suka koma Port Sudan. Gaskiya ne. Sai dai tun kafin a harba harsashin farko tsada ta cinye kuɗin. A Yulin 2021 hauhawar farashi ta wuce kashi 400 cikin ɗari, wato abin da ka saya jine 100 bara ya haura 500 bana. An yi ƙare-ƙare, ban musa ba, amma ƙarin na tafe a kan jaki, farashi na cikin mota. Wanda ya fi shan wuya shi ne ma'aikacin da ya rasa hannu ko ido a bakin aiki: sai ya bi layin kwamitin likitoci, abin da zai samu kuwa ba ya isar magani.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mu ma muna da laifi. Magidanta nawa ne suka rasu matansu ba su san lambar fayil ba? 'Yan'uwan miji nawa ne ke karɓe kuɗin marayu da sunan riƙo?

Abu uku nake nema. A karɓi shaidar mutanen unguwa ga duk wanda wuta ko gudun hijira ya raba da takardunsa. A ɗaure ma'ash da farashin kasuwa, yana tashi ya tashi. A aiko jami'ai ƙauyuka, daga Mai Wurno har Wad al-Mahi, maimakon tsohuwa ta sayar da akuya don kuɗin mota.

Kai kuma mai albashi, yau da dare ka ɗauki hoton takardunka da waya, ka gaya wa maiɗakinka inda suke. Inna ta ce za ta sake kira, kuma ba na son in sake ce mata ta yi haƙuri.