Yatsa ya bar kunama

A gasar harbi da ƙaramar bindiga ta ƙungiyar IPSC, wadda aka kafa a Amurka a 1976, sauri kaɗai ba ya kai mutum. Ɗan gasa ya ruga yatsansa na kan kunama, ko ya juya bakin bindiga wajen 'yan kallo, nan take alƙali zai sallame shi ko da shi ne zakara. Kuben da yake ɗaurawa a ƙugu ma dole ne ya rufe kunamar ruf. Irin wannan horo ya kamata a dinga maimaita wa dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar a Oktoban 2023, musamman masu tsaron Zakka da ƙauyukan Safana da Batsari na bakin dajin Rugu.

Wani zai ce ɓarayin daji ba sa jiran usur ɗin alƙali, batun rai ake yi ba na kofi ba. Haka ne. Amma ɗan sintirin da aka goya a babur bakin bindigarsa na kallon ƙeyar mai tuƙi, ko ya ratsa kasuwa da ita a ɗane, 'yan garinsu ya fara jefawa cikin haɗari kafin ɓarawo. Kuma horon ba ya cin harsashi ko ɗaya: da bindigar toka marar albarushi ana iya yin sa kowace safiya a filin makarantar firamare.