Ƙwallon jami'o'in Amurka: zaɓen mataimaka rabin nasara ne

A ƙasar Amurka jami'o'i suna da ƙungiyoyi na wani wasan ƙwallo mai siffar ƙwai, wanda ake jefawa da hannu, a kuma ruga da shi. Kowace ƙungiya tana da babban mai horo, amma a ƙarƙashinsa akwai mataimaka wajen goma ko fiye: wani ya tsara hari, wani ya tsara tsaro, wasu kuma su bi makarantun sakandare neman samari masu hazaƙa. Saboda haka ɗaukar mataimaki ba ƙaramin al'amari ba ne.

Mu dubi jami'ar jihar Luwiziyana, wadda ake kira LSU. A 2018 ta ci wasa 10, ta faɗi 3. Mai jifarta, Joe Burrow, jifa 16 kawai ya yi waɗanda suka kai ga ci. A farkon 2019 babban mai horo, Ed Orgeron, ya ɗauko Joe Brady, ɗan shekara 29, daga ƙungiyar ƙwararru ta New Orleans Saints, ya danƙa masa tsarin jifa. Da wannan Burrow ɗin, jifan ci suka kai 60. Ƙungiyar ta ci wasanninta 15 duka, ta doke Clemson 42 da 25 a Janairun 2020, ta ɗauki kofin ƙasa.

To, amma nasara ita ke jawo masu zawarci. Cikin wannan watan Brady ya koma Carolina Panthers, shi kuma Dave Aranda mai tsara tsaro ya zama babban mai horo a Baylor. Aka naɗa Bo Pelini a gurbin Aranda. Tun wasan farko, Mississippi State ta yi musu jifan yadi 623. Shekarar ta ƙare da ci 5, faɗuwa 5. Aka rabu da Pelini, Orgeron kansa ya bar aiki a ƙarshen 2021.

Gaskiya ne ƴan wasa 14, har da Burrow, sun wuce ga ƙwararru a 2020, don haka ba a ɗora wa mataimaka laifin duka. Sai dai kowace shekara ɗalibai suna tafiya. Mataimaka su ne masu nemo sababbi, su kuma koyar da su. Shugaban da ya dace da mataimakin kirki, tun ranar da ya ɗauke shi ya kamata ya fara tanadin magajinsa.