Mai saye ne ya cire tallafin mai?

Shiga kasuwa yanzu sai ka shirya. Ka yi sallama a bakin shago, mai shagon yana kishingiɗe a kan dilar kaya, idonsa a waya, ya amsa da ƙyar kamar ka zo bin sa bashi. Ka tambayi kuɗin turmin atamfa, kafin ya faɗa sai ya yi maka huɗuba: dala ta tashi, mai ya yi tsada, tun safe bai yi cinikin ko sisi ba. Ka taya, maimakon "albarka" da muka gada, sai ka ji "in ba saye za ka yi ba, ajiye min kayana." Wannan hali ya ishe ni, kuma na san ba ni kaɗai ba.

Babu mai musun an shiga matsi. Ranar 29 ga Mayun 2023 aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. Dalar da ake samu wajen naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Amma kai mai shago, bawan Allahn da ke tsaye a gabanka, shi ya cire tallafin? Wataƙila malamin firamare ne da ya yi wata uku yana tara kuɗin kayan Sallar yara. Ya biya ɗan Adaidaita ninkin abin da ya saba biya kafin ya iso. Yana da nasa kukan, ya haɗiye, ya kawo maka 'yan kuɗinsa. Kai kuma ka tare shi da tsaki.

Abin da ya fi ba ni haushi, mai ƙorafin nan kansa yake cuta bai sani ba. Kasuwancinmu a kan amana yake tafiya. A Kantin Kwari, inda 'yan sari ke zuwa daga Maraɗi da Damagaram da Njamena, babban ɗan kasuwa kan ba ka kaya ka sayar ka kawo kuɗi, ba lauya, ba jingina. To wa zai ɗora dila goma a hannun mutumin da kullum bakinsa "mun karye"? Kai da kanka kake shelar cewa kuɗin mutane ba za su dawo ba. Dillali ma ba zai jawo maka baƙonsa ba, don ya san za ka ba shi kunya. Yaron shagonka kuwa yana kallo. Ranar da ka tafi masallaci ka bar masa shago, irin fuskarka zai ɗaure wa mutane.

Maƙwabcinka da dalar nan guda yake saro kaya, amma bencinsa ba ya rabuwa da mutane. Sai ka ce asiri ya yi. Asirin bai wuce "sannu da zuwa, Alhaji, zauna ka huta" ba. In tayi bai kai ba, ya ce, "Wallahi bai kai sari ba, amma ga wani mai sauƙi, duba." Bai karya farashi ba, bai yi ƙarya ba, mutum ya tafi da mutuncinsa ko da bai saya ba, gobe kuma ya turo ƙaninsa. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kowa ya haddace, aiki da ita ne ya gagara. Ga kuma mata suna ta sayar da atamfa da turare daga ɗakunansu ta WhatsApp, da daɗin baki, mai babur ya kai kaya har ƙofar gida. Mai saye yanzu ba dole ba ne ya zo ya sha wulaƙancinka.

Ban ce kowa ya yi shiru ba. Haraji barkatai, rashin wuta, shingayen hanya da ke tatsar direbobi, duk sun cancanci a ɗaga murya a kansu. Kuna da ƙungiyar 'yan kasuwa, kuna da shugabannin kasuwa, kuna da 'yan majalisar da kuka zaɓa. Ku kai musu kukan, ku dame su har su ji. Amma a gabansu sai ku yi ta "ranka ya daɗe" kuna washe baki, ku dawo shago ku huce a kan talakan da ya zo sayen yadi biyar. Wannan tsoro ne, ba tsadar dala ba.