Manomi Ya San Ƙafar Motarsa Kafin Damina Ta Kankama

Yanzu manoma da yawa sun mallaki tsohuwar akori-kura ta ɗaukar taki da amfanin gona. Ko wanne kuwa burinsa ya sami mai ja da ƙafa huɗu, domin hanyar gona ba kwalta ba ce. Amma abin mamaki, sai mutum ya sayar da shanu ya sayi irin wannan mota, bai san abin da ya bambanta ta da sauran motoci ba. Ba zai gane ba sai ran da ta kafe a fadama da kwandunan tumatur, rana tana dukansu suna ruɓewa. Wannan sakaci ne, kuma laifin mai mota ne kafin ya zama na dillali ko bakanike.

Ba a cinikin biri a sama. Rubutun da a ke mannawa a bayan mota ba shi ne shaida ba, haka kuma tsawon ƙafa. Akori-kurar Peugeot 404 da 504 da aka saba da su, da ƙafafun baya kaɗai su ke ja. Toyota ta fara yin Hilux a 1968, amma mai ja da ƙafa huɗu ba ta fito ba sai 1979, har wa yau kuwa ana yin iri biyun. Sabo da haka tilas mai saye ya shimfiɗa buhu ya shiga ƙarƙashin mota ya duba abu huɗu.

Na farko, bayan akwatin giya akwai wani akwati na biyu, shi ne mai raba ƙarfin inji gaba da baya. Na biyu, daga wannan akwati farfela biyu ke fita, ɗaya ta nufi baya, ɗaya ta nufi gaba. Na uku, tsakanin ƙafafun gaba akwai tulun ƙarfe mai kama da kabewa, irin wanda ke baya. Na huɗu, a ɗakin direba akwai gajeren sandan giya kusa da babban, an rubuta masa H2, H4, N da L4, ko 2H, 4H, N da 4L. A tsohuwar Land Rover kuwa ana danna mai rawayan kai, a jawo mai jan kai. In ɗaya daga cikin huɗun nan ya ɓace, to, motar ba ta cika ba. Akwai motoci da dama da farfelarsu ta gaba ta lalace aka cire aka jefar, a ke ta yawo da su da sunan masu ƙafa huɗu.

Sa'an nan sai makullin cibiyar taya, wanda shi ya fi rikitar da mutane. A tsakiyar ko wace tayar gaba akwai wani murfi mai juyawa da hannu, an rubuta FREE a gefe guda, LOCK a ɗaya gefen. Wani Ba'amurke, Arthur Warn, shi ya fito da irin wannan makulli a 1948, domin motocin Jeep da suka saura bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Aikinsa shi ne ya ƙulla taya da sandan da ke juya ta, ko ya sake ta. In yana kan FREE, taya tana gara abinta, kayan gaba duka suna hutawa, mai ya ɗan ragu, ƙarafa ba su ci juna ba. In yana kan LOCK, taya da sanda sun zama abu guda.

Abin lura shi ne, makulli da gajeren sanda abokan aiki ne. Wanda ya sa H4 bai kulle cibiya ba, farfela za ta yi ta juyawa a banza. Wanda ya kulle gefe ɗaya ya manta ɗaya, shi ma bai yi kome ba, domin tulun gaba yakan tura ƙarfi wajen da ba nauyi. Mafi muni kuwa shi ne a sa L4 cibiya na sake. Wannan giya tana ninka ƙarfi fiye da sau biyu, in duk ya taru a baya ga kaya niƙi-niƙi, yana iya karya sandan ƙafar baya.

Gwajin ba shi da wuya. A tsai da mota a wuri mai laushi ba gangare ba, a kashe inji, a ja birkin hannu, a sa dutse a taya, gajeren sanda yana H2. A sa cibiya biyu a FREE, a kama farfelar gaba da hannu. Lalle ta juya. Sa'an nan a mai da su duka LOCK, a sake gwadawa. Za ta ɗan motsa ta cije. In ta ci gaba da juyawa, watau makulli ɗaya ya mutu ko sanda ya karye. Mai saye ya rage kuɗin gyaran daga farashi, ko ya haƙura.

Wasu kuma sun wuce gona da iri, sun bar mota a H4 kullum, wai ta fi ƙarfi. Irin waɗannan tsofaffin motoci ba su da abin daidaita gudun gaba da na baya. A kwana, ƙafafun gaba sun fi na baya yin tafiya mai nisa. A laka ko rairayi taya takan ɗan sulɓe, abin ya warware. A kan kwalta kuwa ba sulɓi, sai ƙarafa su murɗe, sanda ya ƙi fita, taya ta cinye. In haka ta faru, a ɗan ja da baya a miƙe, sandan zai saku. Kuma tayoyi huɗun su zama girmansu ɗaya.

Ga manomin ƙauye, makullin hannu ya fi mai kulle kansa, ko da ya ke sai an sauko an taka laka. Mutum yana ganin inda ya tsaya da idonsa, ko wane bakanike kuwa yana iya kwance shi ya wanke ya sa giris kaɗan. Kada a yarda a like shi da walda, kada kuma a yarda a cire farfela don gudun kashe kuɗi. Ko da rani, a kulle cibiya sau ɗaya a wata a yi tafiyar mil 10, watau kilomita 16, domin mai ya zagaya kayan gaba. In an ƙetare rafi a duba man tulu. In ya yi fari kamar nono, ruwa ya shiga, a juye a zuba sabo.

A ƙarshe, a kulle cibiya tun a tudu, kafin a faɗa wa baƙar lakar firki ta wajen Dikwa ko rairayin Yusufari. Motar da ta nutse har ciki, ƙafa huɗu ba ta fid da ita, sai shebur da taron ƙarti. Ran da za a kai mai naƙuda asibiti cikin dare da ruwan Agusta ba ranar koyon makulli ba ce. Rigakafi ya fi magani. Allah ya ba da damina mai albarka, amin.