Filin Uwargida: Hular Sanyi Mai Launi Biyu

  Mu dai nan Kano hunturu ya kankama, leɓe sai man kaɗanya, yara kuwa kowanne hanci na yoyo. Shi ya sa yau na ajiye zancen girki na ɗauko saƙa. Amma kafin in faɗa miki yadda ake yi, bari in ba ki labarin kunyar da na sha, don kada ki faɗa ramin da na faɗa.

An yi wa yayana canjin wurin aiki zuwa Jos, kuma kowa ya san sanyin Jos ba irin namu ba ne. Yana da yaro ɗan shekara ɗaya, ɗan lelen gidanmu. Kowa ya shiga haɗa abin sallama, ni kuwa ba ni da kuɗin kirki a hannu, sai na ce zan saƙa masa hula. Matar yayan nawa ta yi dariya ta ce, "Ke da ba abin da kika iya riƙewa sai biro?" Wasa take yi, na sani, amma maganar ta tsaya mini a rai. Na rantse a zuciyata ba hula kawai zan yi ba, mai ado zan yi, launi biyu, irin wadda ake rataya wa a kanti.

Kwana huɗu ina fama. Ranar Alhamis na kai ta gidansu, ɗaki cike da mata 'yan sallama, har da mahaifiyarta. Hula ta yi kyau a ido, ja da fari, aka yi ta karɓa hannu zuwa hannu ana yabawa. Da aka zo sa wa yaro sai ta tsaya a tsakiyar kai, ta ƙi sauka. Uwar ta ja, yaro ya callara ƙara, aka cire sai ga jan layi a goshinsa. Ɗaki ya yi tsit. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Mahaifiyar tata ce ta miƙo hannu ta ce, "Kawo nan, 'yata." Ta juya hular ciki ya koma waje, ta nuna mini zaren da ke bi ta baya. Duk ya miƙe tam kamar tsirkiya. Ta ce, "Ƙirgarki daidai take, hannunki ne ya yi rowa. Kin hana zaren baya numfashi." Asabar da safe motarsu za ta tashi. Ta ce in warware, in dawo gobe da hantsi mu zauna.

To ga abin da na koya, tun daga farko.

Ita wannan saƙa da ake tafiya da zare biyu a layi ɗaya, ana saƙa ɗaya ɗayan yana bin baya, ta yi suna ne da wani ɗan tsibiri mai suna Fair Isle, can arewacin Sikotland, inda sanyi da iskar teku ba sa wasa. Su da tsinken saƙa suke yi, ba da kwarashi ba. Duniya ta san ta sosai bayan da Yarima Edward, mai jiran gadon sarautar Ingila, ya fito sanye da rigar irin wannan saƙa a 1921. Ƙa'idarsu da ta fi amfanarmu ita ce kada layi ɗaya ya wuce launi biyu. Kuma ba don ado kaɗai ake yin ta ba: zaren da ke bi ta ciki yana zama kamar shafi na biyu, hular ta fi ɗumi.

Kayan aiki ba su da yawa. Curin ulu biyu masu launi daban, kwarashi mai milimita 5, wani mai milimita 5.5 in kina da shi, almakashi, tef ɗin tela, da babbar allura mai faɗin kafa. Ulun ya kasance mai matsakaicin kauri. In sirara ne irin wanda aka fi samu a kasuwa, ki ninka shi biyu. Abu ɗaya da ba zan yafe miki ba: kada ki haɗa mai kauri da siriri, dole launukan biyu kaurinsu ya zo ɗaya. Kuma ki zaɓi ɗaya mai duhu ɗaya mai haske. Ja da ruwan hoda suna da kyau a hannu, amma in an saƙa su tare adon ɓacewa yake. Ja da fari, shuɗi da ruwan madara, baƙi da ruwan ƙwai, waɗannan ba sa ba da kunya.

Sai awo. An ce ido ba mudu ba ya san ƙima, amma a nan ki bar ido ya huta, ki ɗauko tef. Zagaya kan mai hular ta goshi da saman kunne. Kan ɗan shekara ɗaya yakan kai wajen santimita 46, na babbar mace wajen 55 zuwa 57, ban da tulin kitso. Hular ta gaza kai da santimita 3 ko 4, domin saƙa tana buɗewa. Don haka ta yaron namu 42 zuwa 43 muke nema. Kafin ki fara, ki saƙa ɗan ƙyalle ki auna. A hannuna ido 14 ne ke ba ni santimita 10, shi ya sa ido 60 ya yi mini daidai. In hannunki ya fi nawa tsauri ko sako-sako, lissafinki zai canza, sai dai ki tabbata adadin da kika tsayar yana rabuwa huɗu-huɗu ba saura.

Ido iri ɗaya ne tak za ki yi ta yi har ki gama, wato gajeren ido. Ki cusa kwarashi cikin idon ƙasa, ki ɗauko zare ki jawo, kin ga zare biyu ke nan a kan kwarashi. Ki sake ɗauko zare ki zare shi ta cikin biyun. Shi ke nan. Wadda ta iya wannan ta iya hula.

Daga baki muke farawa. Yi sarƙa 8, ki tsallake ta farko, ki yi gajeren ido 7, sarƙa ɗaya, ki juya. Yanzu duba saman kowane ido, za ki ga zare biyu kwance, na gabanki da na baya. Na bayan kaɗai za ki riƙa shiga. Wannan shi ke fitar da ƙirar nan mai tudu da kwari wadda take miƙewa ta koma kamar roba. Ki yi ta yi har layi 60, ki haɗa farko da ƙarshe ya zama zobe. Sannan ki bi gefen zoben ki ɗora ido ɗaya a kan kowane layi, 60 cif. Ki ƙirga sau biyu. Ki yi zagaye biyu da jan zare zalla, ki ɗaura ɗan guntun zare a farkon zagaye don kada ki ɓata.

Yanzu muka zo wurin da ake yin ta.

Asirin canza launi guda ɗaya ne, kuma shi ne abin da yawancin masu koyo ba a faɗa musu. Ba a farkon sabon ido ake ɗaukar sabon launi ba, a ƙarshen wanda ya gabace shi ake ɗauka. Misali kina kan idon ja na uku, mai bi masa fari ne. Kin cusa, kin jawo, jan zare biyu na kan kwarashi. To kada ki rufe da ja. Saki shi ya faɗa baya, ki ɗauko fari ki rufe da shi. In kika rufe da ja, kan farin idon zai fito da jan rawani, adon ya yi dabbare-dabbare kamar an ɗiga masa manja.

Adon da na yi mai sauƙi ne, zagaye biyar. Na farko, ja uku fari ɗaya, har ki zagayo. Na biyu, fari uku ja ɗaya, amma ki lura farin tsakiya ya hau kan farin ƙasa, ɗaya a damansa ɗaya a hagunsa. Na uku fari zalla. Na huɗu ki maimaita na biyu, na biyar ki maimaita na farko. In kika ɗaga za ki ga farin ya fito da tsini sama da ƙasa, a jere ya zagaye hular kamar haƙoran zarto. Ni a littafin lissafi mai gida-gida na ƙanwata na fara zana shi, gida ɗaya ido ɗaya, ina gama layi ina soke shi da biro. Ashe biron ma yana da rana a saƙa.

Zaren da kika saki a baya, shi ne ya ba ni kunya. Lokacin da za ki sake ɗauko shi bayan ido uku, hannu yana son ya ja shi ya tsuke don aikin ya yi tsaf. Kada ki yarda. Tsohuwar nan ta riƙe yatsuna ta nuna mini: kafin ki ɗauko shi, ki baza idanun ukun da babban yatsa su buɗe iya faɗinsu, sannan ki shimfiɗa zaren a bayansu a kwance, ba a miƙe ba, ba kuma yana lilo ba. Ta ce in ƙaramin yatsana ba zai iya ɗaga shi kaɗan ba, ya yi tsauri. Ta kuma sa na koma kwarashi mai 5.5 a zagaye biyar ɗin nan kaɗai. Duk zagayen da na gama sai ta ce in sa hannu biyu a ciki in buɗa. In wurin ado bai buɗe kamar sauran hular ba, a warware tun yanzu, kada a bari sai an kai sama. Sau uku ta sa ni warwara a zagaye na biyu. Ina gumi cikin sanyi, ita kuwa tana ta ɓare gyaɗarta.

Sako-sako da yawa ma matsala ne, musamman a hular yara. Dogon zare a ciki yana kama yatsa, kuma 'ya'yanmu mata tun suna jarirai ake huda musu kunne, ɗan kunne na iya sarƙewa a ja shi wajen cirewa. Shi ya sa na zaɓi adon da zare ba ya tsallake fiye da ido uku. In kin ƙware kika zana mai faɗi, duk bayan ido uku ki ɗora zaren bayan a kan idon da za ki shiga, ki saƙa a kansa, ya kamu.

Wasu ƙananan abubuwa biyu. Curin ja a damanki, na fari a hagunki, kullum ki ɗauko ɗaya ta sama ɗaya ta ƙasa, kada ki sauya, in ba haka ba za su murɗe ki wuni kina kwance su. Sannan gajeren ido in ana zagaye da shi yana ɗan karkata, ado ya yi kamar iska na kaɗa shi. In abin ya dame ki, ki riƙa shiga zaren baya kaɗai kamar yadda kika yi a bakin hula, yana miƙar da shi sosai. Sai dai in za ki yi haka ki yi shi a duk jikin hular, kada rabi ya bambanta da rabi.

Bayan ado ki yanke farin zare ki bar masa jela, ki koma ƙaramin kwarashi, ki yi ja zalla zagaye uku. Auna daga baki, ki ga ya kai santimita 11 ko 12. Sai rage kai. Ido takwas, ki haɗe biyu su zama ɗaya, haka har ki zagayo, saura 54. Zagaye na gaba bakwai ki haɗe biyu, saura 48. Sai shida, sai biyar, kowane zagaye ido shida na tafiya, har ya rage 6. Yanke zare da tsawo, ki zura a allura, ki bi ta cikin idanu shidan ki tsuke, ki ɗaure ta ciki. Jelar zaren duk ki ɓoye su da allura cikin saƙa, kada ki yanke dab da ƙulli, wanki ɗaya zai kwance. Tsawon hular duka zai tashi wajen santimita 17.

Tuntu a sama ganin dama ne. In za ki sa wa ƙaramin yaro, ki ɗinke shi da ƙarfi ki ja ki gani, domin duk abin da ya cire baki yake kaiwa. Kuma hula ta fita waje ce da zaman tsakar gida. Likitocin yara suna hana a bar jariri ya yi barci da hula a cikin ɗaki, saboda zafi na iya yi masa yawa, tana kuma iya zamewa ta rufe masa fuska. Wajen wanki, ruwan sanyi da sabulu, a matse a hankali a shimfiɗa ta bushe. Mafi yawan ulun kasuwa ba gashin tunkiya ba ne, na roba ne, dutsen guga mai zafi narkar da shi yake.

Daren Juma'a na ƙarasa rage kan, wuta ta ɗauke, da fitilar ƙwai na ɓoye jelar ƙarshe. Da asuba na isa ana ɗaure kaya a mota. Matar yayana ta karɓa ba ta ce komai ba, ta juya cikin ta duba kamar yadda uwarta ta yi, sannan ta sa wa yaron. Ta sauka har kunne. Ya kai hannu ya taɓa tuntun, ya ci gaba da tsotsar yatsansa.

Ta dube ni ta ce, "To malama marubuciya, kan babansa 58 ne. Shuɗi da fari yake so, kuma kada ki sa masa tuntu."

Ita nake kai yanzu, ina zagaye na uku. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.