Lissafin "baz" a lakkol: ɓata lokaci ne ko akwai amfani?



Akwai wani darasin lissafi da ke sa iyaye ɗaure fuska duk inda ya ɓullo, ko a CEG, ko a lise, ko wurin ɗiyanmu da ke karatu Sakkwato, inda yake cikin manhajar jarrabawar WAEC. Yaro ya buɗe kaye, uba ya leƙa ya ga an rubuta 101, an ce wai biyar ke nan. Sai ka ji ya ce: to wanga kuma wane irin karatu ne, ɗari da ɗaya ta koma biyar? Abin da mushe ke kira "baz" ke nan, wato tushen ƙidaya. Ni dai ra'ayina darasin yana da amfani, amma yadda ake koyar da shi ne ke kashe shi.

Abin ba wani sihiri ba ne. Tambaya guda ce: in kana ƙirga, a nawa kake ɗaure dame? Mu mun saba da goma, ga alama don yatsun hannu goma ne. In ka rubuta 237, dame biyu ne na ɗari-ɗari, uku na goma-goma, da bakwai warwatse. Tsofaffinmu ma da ke cewa gomiya uku maimakon talatin sun fi bayyana abin a fili. To in ka ce a biyar za ka riƙa ɗaurewa, ko a biyu, ko a sittin, ka canza tushe. Yawan abin bai canza ba, rubutun ne ya canza.

Kuma wallahi mutanen ƙasar nan sun daɗe a cikin irin wanga lissafi ba su sani ba. Ku shiga kasuwar Tawa ran Lahadi, ko ta Tamaske, ku saurari ciniki. Ba mai cewa 100. Dala ashirin ake cewa. 500 ita ce ɗari, 1000 jika. Matar da ke saida albasa, wadda ba ta taɓa zama kilas ba, in ka miƙa mata 2000 a cinikin 1750, take za ta ce jika da dala ɗari da hamsin, ta maido maka dala hamsin, kai mai takarda kana nan kana latsa salula. Ta raba da biyar ta ninka da biyar a ka, sau ɗari a wuni. Wanda ya je bida Abijan ya san Julawa ma haka suke yi da nasu dorome.

Masu lissafi za su ce ƙirgar dala canjin ma'auni ce, ba cikakken tushen biyar ba. Gaskiya ne. Amma ku dubi kuɗɗin kansu: tamma guda, dala mai tamma biyar, sannan dala biyar mai tamma 25. To 1, 5, 25 su ne daidai gidajen tushen biyar, na huɗu 125. Ɗauki tamma 38: ƙwandalar 25 guda, dala biyu, tamma uku. Rubuta su jere, ka samu 123. Shi ke nan ka maida 38 zuwa tushen biyar, abin da ake kwana uku ana rarraba lambobi bisa allo yara na hamma.

Agogo ma haka. Ƙarfe ɗaya da minti 45, ka ƙara minti 30, ba wanda zai ce ƙarfe ɗaya da minti 75. A sittin ake ɗaurewa, gadon mutanen Babila ne, ƙasar Iraƙi ta yau, fiye da shekara 3,500. Amma sau nawa kuka ga mai takardar BEPC ya ga 1,5 a injin lissafi ya ce awa ɗaya da minti hamsin? Ya haɗa tushen goma da na sittin bai sani ba. Mai awon hatsi kuwa da ke ƙirga tiya arba'in a buhu, in yana da tiya 35 anka ƙara mishi 12, ya san buhu guda ne da tiya bakwai. Fulanin da muke zaune da su a biyar suke juyawa: ɗiɗi biyu, tati uku, bakwai jeeɗiɗi, takwas jeetati, wato biyar da biyu, biyar da uku. Ko Faransancin da munka wahala da shi, tamanin ɗinsa ashirin huɗu ne.

Yanzu bari in ba masu adawa haƙƙinsu, don maganarsu tana da nauyi. Suna cewa: yaro na zaune ƙasa cikin rumfar kara, ba littafi, ba a fara karatu sosai sai an gama girbi, ya kai CM2 bai iya ɗebe 47 daga 103 ba, shi za ka ɗora wa tushen bakwai? Binciken PASEC na 2014 ya nuna fiye da tara cikin goma na ƴan ajin ƙarshen firamare a Nijar ba su kai matakin da ake buƙata a lissafi ba. Kuma an taɓa gwada abin a Faransa: a farkon shekarun 1970 sunka cika firamare da sabon lissafi, har da ƙirga cikin tushe iri-iri, iyaye sunka rikice, malamai sunka rikice, daga baya anka janye mafi yawansa. Duk wanda ya ce a maimaita wannan a Keita ko Abalak, ba ni tare da shi.

Sai dai ku dubi dalilin da ya sa yaron nan ya kasa ɗebe 47 daga 103. Ya hardace "na rubuta, na riƙe ɗaya" da Faransanci awa waƙa, amma bai san mi ya riƙe ba, bai san don mi a goma ake riƙewa ba. Bai taɓa gane cewa dame ne ake kwancewa ba. Ranar da ka sa shi ya ƙirga da tsakuwa yana ɗaurewa a biyar, ya ga a nan biyar ce ke sa a riƙe ɗaya, ranar zai gane goma. Amfanin darasin na farko ke nan, kuma ga yaro mai rauni ya fi amfani, ba ga haziƙi ba. Ba sai an kai ga ninka lambobi a tushen takwas ba. Wannan aikin banza ne a firamare, kuma shi ne ke jawo wa darasin baƙin jini.

Na biyu shi ne tushen biyu, 0 da 1, wanda Bajamushe Leibniz ya wallafa bayaninsa a 1703. Kowace kwamfuta da salula da shi take aiki, wuta a kunne ko a kashe. Shi ya sa in za ka sayi salula kake jin 32, 64, 128, kowace ninkin ta baya, ba ka jin 50 ko 100. Ba zan yi muku ƙarya ba: mai gyaran salula a bakin tasha yana cin abincinsa ba tare da wannan ba. Amma ɗiyarka da ta shiga Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tawa, ko wata makaranta, tana son rubuta manhaja ko haɗa layukan intanet, da shi za ta ci karo tun farko. Mako biyu a CEG ya isa a aza mata harsashi.

Tunda kundin da anka fitar a 2025 ya maida Hausa harshen ƙasa, kuma tun 1973 ake gwajin karatu da harsunan gida a Damagaram, lokaci ya yi da masu horas da malamai a makarantar Kaocen za su shigo da kasuwa cikin kilas. Mushe ya zo da ƙwandalolin dala da na dala biyar, ya zo da tiya, ya zana agogo. Kuma akwai matsala guda da dole masu rubuta littattafan lissafi da Hausa su warware tun yanzu: yaron Adar in ya ji "ɗari" a maganar kuɗɗi, 500 ce ke zo mishi a ka, littafi kuwa 100 yake nufi. In ba a ware darasi guda an zaunar da wannan bambanci ba, za a riƙa ba shi sifiri a kan amsar da ko uwarsa ta san daidai ce.